Turmin Kaka a Faifan Kawu Bashir

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar watan Yuli, shekarar da na cika goma, na ga an ɗaura wa turmi bel a mota. Babana ne ya ɗaura masa da hannunsa a kujerar tsakiya, ya ja, ya girgiza shi ya gani, ya sake ja, sai ka ce ƙanina jariri yake shiryawa. Ni aka zaunar a hagu in tallafe shi kada ya gangaro, kakata tana dama ta dafa bakinsa da hannu ɗaya, ta ɗaure fuska tamau tana kallon gabanta. Taɓare biyu sun taho tun daga bayan mota sun leƙo tsakanin kujerun gaba, ƙullin wankakken gero yana kan cinyata yana jiƙa mini siket, Mama kuma tana gaba tana roƙon Allah kada ɗan sanda ya tsayar da mu, don ba ta san da wane Turanci za ta yi masa bayani ba. Da muka hau doguwar gadar da ta ratsa kogin Potomac muka nufi Alexandria, wani direban babbar mota ya leƙo ta taga ya saki baki yana kallonmu, ni kuwa na ɗaga masa hannu, bakina har kunne. Zumuɗi ya hana ni zama wuri ɗaya. Situdiyo za mu, inda Kawu Bashir zai ɗauki waƙar ƙarshe ta faifansa na farko, kuma ni ce zan yi daka a cikinta. Akwai dai abin da kowa a motar ya sani amma ba wanda ya furta: in Kaka ba ta sa wa aikin nan albarka ba, faifan ba zai fita ba.

A Fort Washington muke a lokacin, a wani gida mai fili a baya, ba nisa da kogi. Baba ɗan jarida ne a sashen Hausa na wani gidan rediyo da ke kudu maso yammacin Washington, mutum ne da ko shayi zai ce a miƙo masa sai ya gyara murya. Kaka, mahaifiyar Mama, ta zo daga Kano ne don yi wa Mama wankan jego da aka haifi ƙanina, zuwan wata biyu ya koma na kusan shekara. Sunanta na ci, shi ya sa duk gidan Ummi ake ce mini, ita kaɗai take kirana takwara. Tana sauka ta dubi ciyawar da Baba yake aske wa kai duk mako ta ce ba ta taɓa ganin mutum yana kiwon abin da ba ya ci ba. Kafin bazara ta kankama ta mai da rabin filin gona: yakuwa a bakin katanga, kuɓewa a tsakiya, rama da tattasai ta wajen inuwa. Ban-ruwa da safe aikina ne, haka ma korar kurege, da barewar da take tsallako katanga ta cinye kan kuɓewa tana kallon mutum ido cikin ido. In motar makaranta mai ruwan ɗorawa ta sauke ni, ban isa in jefar da jaka in tafi tsallen igiya da yaran layinmu ba sai na tsinke ganye na wanke kwanuka. Kaka ce ta koya mini carafke da duwatsun da muka tsinto a bakin kogi, ni kuma na kai shi filin makaranta, na yi mako guda ina sarauta. Hausa ina ji sarai, amma da Turanci nake amsawa, irin na duk yaran da aka haifa a nan. Kaka ta yi maganin wannan cikin sauƙi. In na amsa da Turanci sai ta waiga hagu ta waiga dama ta ce, "Wai da wa ake magana?"

Turmin kuwa ba a jirgin sama ya zo ba. Ranar da Mama ta dama mata furar da aka niƙa da injin markaɗe, Kaka ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye ludayi ta ce wannan ai ƙasa ce aka jiƙa. Ba ta bar maganar ba har sai da aka sami wani ɗan kasuwa Bagane da ke shigo da kaya ta ruwa, aka cusa masa turminta na gida da taɓarensa a cikin kwantena, tsakanin buhunan garin rogo da jarkokin manja. Turmin baƙi ne, bakinsa ya sha hannu har yana sheƙi, kuma ya girmi Mama. A kan daɓen simintin bayan gida aka kafa shi, a nan na koyi lugude: mutum biyu a turmi ɗaya, taɓaryarki na sauka tawa na tashi, in hannu ya faɗa sai ki cilla taɓaryar sama, ki tafa, ki cafe, ki sauke ta a kan lokaci. Na sha ƙwala wa kaina taɓarya a haɓa, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe ya warke. Amma ranar da na fara cillawa na tafa na cafe ba tare da na ɓata bugun ba, na zagaye gonar nan da gudu ina ihu har maƙwabcinmu ya leƙo. Kaka in tana daka ba ta waƙa da baki, sai dai wani ɗan amo da take yi a hanci, ya hau ya sauko ya sake hawa, kullum iri ɗaya. Na taɓa tambayarta wace waƙa ce, ta ce ita ba ta san tana yin wani abu ba.

Kawu Bashir shi ne autansu Mama. Karatun haɗa magunguna ya kawo shi Amurka, ya gama, yana aiki a wani kantin magani da farar riga, kowa a Kano yana alfahari da shi. Abin da ba a cika faɗa a gida ba shi ne in ya cire farar rigar nan, saksafon yake ɗauka. Abin busa ne na tagulla mai ruwan zinariya, ya lanƙwashe a ƙasa ya buɗe baki sama, jikinsa duk maɓallai. Nasa irin wanda ake kira alto ne, matsakaici, muryarsa ta fi kusa da ta mace. Kiɗan jaz yake yi, wanda makaɗa suke ɗaukar ɗan gajeren amo su yi ta juya shi a nan take, kowa yana faɗin nasa yana sauraron ɗan'uwansa. A hawa na sama na wani dogon bene yake zaune a yammacin Alexandria, kuma da ya fara busa maƙwabta suke fara buga masa bango, don haka duk Asabar sai ya taho ɗakinmu na ƙarƙashin ƙasa ya yi atisaye. Ni ce mai riƙe masa kofin ruwan da yake jiƙa 'yan tsinkayen gorar da ake maƙala wa bakin abin, kuma ban yarda kowa ya taya ni wannan muƙamin ba. Ina son busarsa tun kafin in san me ake nufi da salo. Ba ya gaggawa. Sauran masu busa da na ji a faya-fayansa suna zubo sauti ne ba tsayawa, shi kuwa sai ya faɗi ɗan abu kaɗan ya yi shiru, ya bar wani gurbi, har ka ɗauka ya manta, sannan ya shigo a ɗan makare, a bayan bugun ganga, da wata murya mai ɗan dishi-dishi. Wani lokaci ya ja sauti ɗaya ya yi ta ja har ni da nake kallo numfashina ya ƙare. Abokan kiɗansa suna tsokanarsa cewa rabin busarsa shiru ne, shi kuma ya yi dariya ya ce shi ma bai san daga ina ya samo ba.

Kaka ba ta taɓa yi masa faɗa a gabanmu ba. Ranar farko da ta gan shi da abin rataye a wuya, ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "A gidanmu ba a busa." Mijinta malami ne kuma mai sayar da yadi, a wurinta busa aikin maroƙa ne, masu bin manya suna yi musu kirari. Daga ranar ba ta sake cewa komai ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo. Zai zo ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa da fara'a, ta tambaye shi aiki, ta tambaye shi ko ya ci abinci, ta ce ya rame. Amma da ya sauka ƙasa ya fitar da sautin farko, sai ta ɗauki butarta ta fita gona, ba za ta dawo ba sai ya rufe akwatinsa. Ina dawowa da kofin ruwa wata rana na same shi a kicin yana ce wa Mama, "Yaya, mun ɗauki duk sauran waƙoƙin, saura ɗaya. Amma wallahi in Inna ta koma Kano ba ta ce mini komai ba, a akwati zan ajiye faifan. Ba zan fitar da abin da uwata take gudu ba." Ni kuwa na san an riga an sa ranar komawar Kaka a ƙarshen bazara. Na so in je in girgiza ta in ce ta tsaya ta ji ko sau ɗaya, amma a gidanmu yaro ba ya shiga irin wannan magana.

Lugude ne ya shiga. Wata Asabar muna daka ni da Kaka, 'yar tagar ɗakin ƙasa da ke daidai da ƙafafunmu a buɗe take saboda zafi. Muna cikin yi sai na ji busar Kawu ta canza. Ta daina bin hanyarta ta biyo tamu: in taɓare suka sauka yana magana, in na cilla na tafa ya yi shiru, in na cafe ya dawo. Na kusa sakin taɓarya. Can sai ga shi ya hauro da gudu ba ko takalmi, saksafon yana lilo a ƙirjinsa, yana cewa ya samu, ya samu waƙar ƙarshe, ba ganga ce za ta buɗe ta ba, turmi ne. Sai da ya yi ido biyu da Kaka ya tuna da wa yake magana, ya sassauta murya ya roƙi aron turmi na wuni ɗaya. Kaka ta ci gaba da kwashe gari kamar ba ta ji ba. Sai da ta gama ta karkaɗe hannu ta gindaya sharuɗɗanta. Ba a daka mata turmi wayam, tsagewa zai yi, sai an zuba gero na gaske. Ita ba za ta daka wa busa ba, Mama ta yi da ni. Kuma turminta ba ya fita ba ita. "Kayana zan je in tsare," in ji ta, "ba kallo zan je ba."

Tun daga ranar Baba ya buɗe mana makaranta. Shi ne ya san situdiyo a gidan, kuma ya daɗe yana neman inda zai nuna. Ya tara mu a falo ya ce akwai wata jar fitila a saman ƙofa, in ta kama, duk abin da ya motsa a ɗakin ya shiga faifai. Ba tari, ba atishawa, ba gyaran zama, ba ƙarar awarwaro. Ya ce wurin da mutane suka fi yin kuskure shi ne ƙarshe: waƙa ta ƙare, kowa ya ɗauka an gama, alhali na'ura tana nan tana kama wutsiyar sautin, don haka ko an gama sai a daskare har fitilar ta mutu. Ni na ɗauki abin da zafi, na riƙa shiga banɗaki ina gwada haɗiye tari. Baba ya juya wajen Kaka cikin ladabi ya maimaita mata bayanin tun daga farko. Ta ce, "Malam, ni da ba magana zan yi ba."

To, haka muka isa situdiyon nan da turminmu sanye da bel. Daga waje gini ne kawai na jan bulo, kusa da wani garejin gyaran motoci, amma ciki wata duniya ce. Bangon duk an lulluɓe shi da soso, ƙofar ta fi ta firji kauri, in ka yi magana muryarka ba ta dawowa, sai ka ji kamar an toshe maka kunne. Wayoyi sun bazu a ƙasa, makirfo iri-iri a tsaye kan dogayen ƙafafu, can bayan wani gilashi kuma wata Baturiya mai gajeren gashi, injiniyar da ke ɗaukar sauti, tana zaune gaban teburi mai ɗaruruwan 'yan fitilu. Duk makaɗan a ɗaki ɗaya suke, don Kawu ya ce jaz ɗinsa ba ya yiwuwa sai ana ganin idon juna. Mai ganga, Yusif, mutumin Kumasi ne, yana ganin Kaka ya ajiye sanduna ya zube ƙasa yana gaishe ta da Hausarsu ta zango, har ta kusa yin murmushi. Mai bes, wato wani ƙaton goge da ake tsayarwa a ƙasa ana tsinkar igiyoyinsa da yatsa, dattijo ne baƙar fata haifaffen Washington, ya cire hularsa ya zagaya turmin yana shafa shi yana gyaɗa kai. Aka kafa wa turmi makirfo nasa na kansa, aka sa mini abin ji a kunne da ya fi kaina girma, na ji numfashina a ciki na ƙyalƙyale da dariya. Kaka ta ƙi kujera mai laushi, ta zaɓi wani ɗan benci a lungu, ta ba mu rabin baya, ta fito da carbi.

Jar fitila ta kama, muka fara, abin ya ƙi. Mama tun da ta tafi makarantar kwana rabonta da taɓarya, hannunta ya saba da allura da takardun asibiti. Ta yi sauri, ni na yi jinkiri, taɓare suka gwabza a sama, ƙwal! Aka tsaya. Aka sake, gero ya yi tsalle ya zubo a kan fatar gangar Yusif yana tsalle-tsalle, kowa ya yi dariya, aka sake. A karo na gaba mun yi nisa, har Kawu ya shigo, sai hannun Mama ya gaji bugun ya fara jan ƙafa. Tun ana dariya har aka daina. Mama ta yi sharkaf da gumi, ɗankwalinta ya zame, tana ta ba ƙaninta haƙuri. Injiniya ta yi magana ta lasifika ta ce wasu makaɗan suna jiran ɗakin da la'asar. Na dubi Kawu na ga yana share bakin saksafon da gefen rigarsa, yana satar kallon lungun da Kaka take, ita kuwa ko a jikinta, carbi kawai take ja. A hankali ya ce ba komai, a bar wannan waƙar. Idona ya ciko da ƙwalla, haushin kowa ya kama ni, har da turmin.

Sai muka ji tsaki daga lungu, Kaka ce ta juyo tana hararar Mama. "Haba Binta! Wannan daka ce ko rarrashi? Za ku ɓata mini gero." Kaka ta miƙe, ta rataye carbi a wuya, ta naɗe mayafinta ta ɗaure shi tam a ƙugu, ta tako kan wayoyin nan ba ta ko dube su ba, ta karɓe taɓarya daga hannun Mama. Aka miƙo mata abin ji na kunne ta ture shi. Ta tofa ɗan yawu a tafin hannu, ta dube ni ta ce, "Takwara, kamar a gida." Ban san wanda ya yi wa injiniya alama ba, na dai ga fitila ta yi ja.

Ban taɓa yin lugude irin na ranar ba, kuma ban sake ba. Taɓaryar Kaka ta sauka, tawa ta bi, ta sauka, ta bi, ɗakin ya ɗauka har ina jin bugun a tafin ƙafata. Ta cilla ta tafa ta cafe, na cilla na tafa na cafe. Dattijon nan ya shigo da bes ɗinsa a ƙasa-ƙasa, Yusif ya bi da wasu 'yan tsintsiyoyin ƙarfe yana shafa fatar ganga. Da aikin ya ratsa Kaka sai ta manta inda take, amon nan na hanci ya fara fita, ya hau ya sauko ya sake hawa. Kawu ya rufe ido ya ɗora baki. Abin da ya fito daga saksafon ɗin amon Kaka ne sak, sai dai ya fi faɗi, ya fi zafi. Ya faɗe shi sau ɗaya a miƙe, sannan ya fara juya shi: ya kai shi sama har ya yi ƙara kamar kira daga nesa, ya dawo da shi ƙasa yana gurnani, ya gutsuttsura shi ya sake haɗawa. Kuma duk inda muka cilla taɓare yana yin shiru ya bar wa tafinmu wuri. A nan na gane gurbin nan da abokansa suke tsokanarsa da shi, ashe wurin tafi ne, shekara da shekaru yana barin sa a buɗe ba mai cikawa. Na saci kallon Kaka na ga ta daina amon, idonta yana kan autanta, hannunta kuwa bai ɓata bugu ko ɗaya ba. Muka rage ƙarfi, ganga ta janye, bes ya janye, muka tsayar da taɓare a cikin gari. Kawu ya ja sautin ƙarshe, ya yi ta ja, yana sirancewa, har ya zama iska kawai.

Kowa ya daskare. Fitila tana nan ja. Ina hango Baba ta gilashi ya ɗora yatsa a leɓe yana zare mana ido, ni kuma na riƙe numfashi har ƙirjina yana zafi. A cikin shirun nan Kaka ta saki taɓarya, ta kama hancinta da yatsu biyu, ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗa. Irin guɗar da ake yi in an haihu lafiya, doguwa, mai kaifi, wadda ake ji daga wata unguwa. Injiniya ta zabura ta fizge abin kunnenta, 'yan fitilun teburinta duk suka yi ja, Baba ya ɗora hannu biyu a ka. Yusif ya cilla sandunansa sama ya yi kabbara, dattijo mai bes yana dariya yana share ido, ni kuwa na fara tsalle a kan wayoyin mutane ina ihu da yare biyu. Da hayaniya ta lafa injiniya ta ce guɗar ta hau kan wutsiyar busar, ba za ta ciru ba sai dai a sake ɗauka daga farko. Kawu bai ko waiga ba ya ce a bar ta yadda take.

Ya cire saksafon daga wuya ya ajiye, ya zo ya durƙusa gaban Kaka. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ashe kana ji? Kana goye a bayana fa lokacin, ko zama ba ka iya ba." Ya sunkuyar da kai. Ta dafa kansa da hannunta mai garin gero ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Auta. Amma kada in ji ka yi wa wani kirari da shi." Sai ta juyo kanmu, fuskar nan ta koma yadda ta zo da ita, ta ce mu tsince mata geronta kaf, har wanda ya shiga ƙarƙashin ganga. A durƙushe muka bar situdiyon nan, manya da yara, muna tsintar ƙwayar gero a kafet. Da yamma duk makaɗan suka biyo mu Fort Washington, Kaka ta dafa fura da garin da muka daka, dattijo mai bes ya sha kofi ya miƙo a ƙara masa, har da farin gemu na nono. A hanyar dawowa daga situdiyo kuwa ba a ɗaura wa turmi bel ba, Kawu ne ya rungumo shi.

Faifan ya fita bayan Kaka ta koma Kano, da hoton turmin a bangonsa. Aka aika mata, aka ce ta ajiye shi a cikin kwallarta tare da turarukanta, kuma duk baƙuwar da ta zo sai an kunna mata waƙar ƙarshe, Kaka tana gefe tana cewa ita fa kayanta kawai ta je tsarewa. Ba ta sake zuwa Amurka ba, kuma ta rasu ina jami'a. Yanzu ni ce nake zaune a dogon bene a Alexandria, turmin yana kusurwar falona, ba na iya daka shi saboda maƙwabtan ƙasa. Furata injin markaɗe ne yake niƙa ta, 'yata kuma in na yi mata Hausa da Turanci take amsa mini, in na waiga hagu na waiga dama sai ta yi dariya ta ce na cika wasa. Gonar Fort Washington ta koma ciyawa a hannun waɗanda suka sayi gidan. Kawu Bashir ya yi furfura, ya yi wasu faya-fayan, har yau kuma yana barin gurbin nan a busarsa. In ya rufe taro da waƙar turmi, yakan ja sautin ƙarshe har ya zama iska, sannan ya tsaya ido a rufe, saksafon a baki, ya ɗan daɗe kafin ya sauke. Masu kallo suna ɗauka salo ne, mu 'yan gida mun san abin da yake saurare. Ni ma in na kunna faifan a mota ina tsallaka gadar nan, ko na iso inda za ni ba na kashewa.

Sai na jira Kaka ta yi guɗarta.